Wai waɗannan haruffan adon da yara ke rubuta suna da su, rubutun su waye?

Maman Hanan: Assalamu alaikum 'yan guruf, barkanmu da yamma. Dan Allah masana kwamfuta ku taimaka min da bayani. Ƙanina ya turo min sabuwar lambarsa da sunansa a rubuce haka ᗰᑌᔕᗩ ni kuma na kwafa yadda yake na ajiye, jiya ina neman kiransa da gaggawa saboda jikin Hajiyarmu na rubuta Musa a wajen nema wayar tace babu, na sake da manyan baƙi tace babu, sai da na bi sunaye ɗaya bayan ɗaya na same shi can ƙasa bayan Z. Ni dai idona M U S A yake gani, me yasa wayar bata gani?

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam Anti, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Wayar bata yi kuskure ba, abin da kika ajiye ba Musa bane, babu M ko U ko S ko A a ciki ko guda ɗaya. Haruffan mutanen asalin ƙasar Kanada ne, waɗanda Turawa suka tarar a wurin. Na farko da na ƙarshe na wata al'umma ce da ake kira Dakelh ko Carrier a yammacin ƙasar, na biyun ᑌ 'yan Cree "te" suke karanta shi, na ukun ᔕ kuma "sha". In aka bi sunayen da aka yi musu rajista da su, abin da ke cikin wayarki go-te-sha-po ne.

Ita kwamfuta bata san siffa ba, lamba ta sani. Akwai wata babbar rajista da ake kira Unicode, tun 1991 aka fara ta, kowane harafi na kowane rubutu ana bashi lambarsa shi kaɗai. A babba 65 ne a kowace waya a duniya, ƙ namu 409, wannan ᐊ kuma 5130. Da kika rubuta Musa wayar ta tafi neman lambobin M da U, bata same su ba tace babu.

Kamalu KD: to ai ado ne kawai Injiniya, kowa nayi, nima sunana haka yake tun bara. meye matsalar aciki

Maman Hanan: Kamalu matsalar kenan na faɗa, minti nawa na ɓata ina neman yaron nan mahaifiyarmu na kwance.

Malam Habibu: Allah ya bata lafiya. Injiniya tsaya in fahimta, kace harafi ɗaya "te" harafi ɗaya "sha", kenan ba baƙi da wasali suke rubutawa daban-daban kamar mu a boko ba, gaɓa guda suke rubutawa da alama guda?

Injiniya Bashir: Haka ne Malam, kuma dabarar da ke ciki tana da ban sha'awa. Siffar alamar ita ke nuna baƙin, inda ta fuskanta shi ke nuna wasalin. Duba a Cree:

ᐯ pe, ᐱ pi, ᐳ po, ᐸ pa
ᑌ te, ᑎ ti, ᑐ to, ᑕ ta

Abu ɗaya ne ake juya shi gabas da yamma kudu da arewa. In wasalin dogo ne sai a ɗora ɗigo a sama, ᐱ pi ya zama ᐲ pii. In kuma gaɓar ta ƙare da baƙi sai a sa ɗan ƙaramin harafi a sama-sama, kamar na ƙarshen nan ᓄᓇᕗᑦ, wato nu-na-vu-t, sunan yankin mutanen Inuit da aka ƙirƙira a 1999.

Malam Habibu: Masha Allah. To ai wannan masana harshe ba zasu kira shi rubutun gaɓa zalla ba, ya fi kusa da tsarin Habasha inda baƙin yake nan ana ɗan canja masa fasali don wasali. Na gaɓa zalla shi ne irin na Cherokee a Amurka wanda Sequoyah ya kammala a 1821, alamomi 85, "ga" da "ge" basu da wata kama da juna sai dai ka haddace kowanne. Haka ma na Vai a Laberiya. Kuma ku lura su suna rubuta tsawon wasali, abin da mu bokonmu ya bari, shi yasa gari na ƙauye da gari na tuwo rubutunsu ɗaya.

Tambayata ita ce, tunda alama ɗaya ce ake juyawa, me zai hana a bata lamba ɗaya sai a ƙara wata lambar da ke cewa juya dama ko juya hagu? Ai da an rage aiki.

Injiniya Bashir: Ba a bi ta nan ba Malam. Kowace gaɓa lambarta daban, ᐱ daban ᐳ daban ᐸ daban, har mai ɗigon ᐲ shima lambarsa daban ba wai ᐱ ne da ɗigo aka haɗa ba. Dalili na farko masu rubutun kansu haka suke koyonsa suke lissafa shi, jadawali ne gida-gida. Na biyu ba duka ke juyawa iri ɗaya ba, wasu kifewa suke kamar a madubi irin ᑭ ᑯ ᑲ, da an ce sai inji ya juya da kansa to duk wayar da bata iya juyin ba zata nuna gaɓar da ba ita ba, ka rubuta "ka" a karanta "ki". Gara kowa da lambarsa, wuri kuma bai yi kaɗan ba, rajistar na da gurbi sama da miliyan 1.1. Na Habasha ma haka aka yi masa, Koriya kuwa gaɓoɓi 11,172 aka ba lamba ɗaya bayan ɗaya.

Su haruffan Kanadan an ware musu fili daga lamba U+1400 zuwa U+167F, gurbi 640, ya shiga a Unicode 3.0 shekarar 1999, tare da Cherokee da na Habasha duk a fitowa ɗaya.

Sadiya A.: Yaya Bashir 640 bai yi yawa ba? naga baƙaƙen Cree basu kai namu yawa bama, sau wasali huɗu, ko an haɗa da dogaye ai ba zai kai rabin haka ba

Injiniya Bashir: Kin kamo bakin zaren. Ba harshe ɗaya bane, an tattara Cree da Ojibwe da Inuktitut da Naskapi da Blackfoot da Carrier da wasu harsunan Dene duk a fili guda. Wani kwamiti ne a Kanada ya zauna a farkon shekarun 1990 ya tara duk alamomin da al'ummomin ke amfani da su, inda siffa ta zo ɗaya aka bata lamba ɗaya ko da furucin ya bambanta. ᐅ ɗin nan ɗan Cree "o" zai ce ɗan Inuit "u" zai ce, lamba ɗaya. Har akwai ƙananan alamomin ƙarshen gaɓa da aka raɗa wa suna da kamanninsu kawai ba da sautinsu ba saboda kowace al'umma da abin da take nufi da su. Inda kuma al'ada ta raba sai aka raba, misali ɗigon da ke nuna w, 'yan gabas a hagu suke sa shi ᐗ 'yan yamma a dama ᐘ, duka "wa" ne amma lamba biyu.

Sadiya A.: Ni fa wannan haɗawar bata kwanta min ba gaskiya. Kamar ace an zo an ce Hausa da Yarbanci da Kanuri duk abu ɗaya ne

Isufu Maraɗi: Ai kuwa haka ɗin ne ƙanwata, a boko harafin a na Hausa da na Faransanci da na Zabarmanci lamba guda ne, ba wanda ya ce an cuce shi. Rubutu daban harshe daban.

Sadiya A.: Eh amma a namu da na Faransa kamarsu ɗaya kuma duk wanda ya zana fonti, wato zanen haruffan da waya ke nunawa, ya san shi. Su fa? in al'umma 'yar ƙarama ce mai zana fontin bai taɓa ganin littafinsu ba ai da idon manyan zai zana musu

Injiniya Bashir: Sadiya tana da gaskiya a nan, kuma abin ya faru. Harafin Carrier wani fada ɗan Faransa Adrien-Gabriel Morice ne ya tsara shi a 1885, girmansa da yadda ƙananan alamominsa ke zama a layi ba irin na Cree bane, amma hotunan misali da ke cikin jadawalin Unicode basu fito da su daidai ba, masu fonti kuma daga jadawalin suke kwafa, sai mutane suka shekara da shekaru suna ganin rubutunsu a waya ba yadda iyayensu suka rubuta ba. Sai a 2022 aka gyara hotunan bayan su masu harshen sun yi aiki da wani kamfanin zana haruffa mai suna Typotheque an shigar da takarda.

A 2021 kuma, Unicode 14.0, aka ƙara wasu haruffa 16. Guda 12 na mutanen Nattilik ne, Inuit ne na garuruwan Gjoa Haven da Taloyoak da Kugaaruk, suna da sautuka a karin harshensu da babu a jadawalin 1999, shekara 22 kenan basu iya rubuta maganarsu cikakkiya a kwamfuta. Isufu ma yana da gaskiya ta ɓangarensa, da an raba kowane harshe da filinsa da ᐊ ya samu lamba shida ko bakwai, kaga matsalar Anti ta dawo kenan, ido na ganin abu ɗaya inji na ganin abu bakwai.

Alhaji Garba: Salamu alaikum. Ina ta karantawa. Ni tafireta na buga shekara da shekaru a ofis kafin in yi ritaya, kuma wannan magana ta taɓa ni. Injinmu babu ƙ babu ɗ babu ɓ. In takardar Hausa ce sai ka buga k da d da b, ka zare takarda, ka ɗauki biro ka bi layi-layi kana yi musu ƙugiya, in kofi huɗu ne da kabon duka huɗun zaka bi. Ranar da aiki ya yi yawa sai a bar su haka nan. Ina ganin daga nan aka fara sabawa da rubuta kasa a maimakon ƙasa, ba daga wayar hannu ba.

Injiniya Bashir: Baba Alhaji Allah ya ƙara girma. Kun yi aiki da tafireta mai ƙwallo ta IBM?

Alhaji Garba: Ƙwarai, ta lantarki, haruffan na jikin ƙwallon tana juyawa tana bugawa, kana iya cire ta ka sa wata.

Injiniya Bashir: To Baba wannan ƙwallon ta taɓa cin layi guda cur na rubutun Inuktitut. Alama 88 take ɗauka, jadawalinsu kuma ya fi haka, da aka zo gyaran rubutu a shekarun 1970 sai aka cire jerin ai, pai, tai gaba ɗaya, wato ᐁ ᐯ ᑌ da 'yan uwansu, aka ce a rinƙa rubuta su da alama biyu, ᐸ da ᐃ a maimakon ᐯ. Daga baya mutanen Nunavik a arewacin Kebek suka dawo da abinsu tunda kwamfuta bata da wannan takurar, amma a Nunavut an riga an saba, har yau wasali uku ake koyarwa.

Alhaji Garba: Allah sarki. Kenan harshe aka rage wa tsawo don ya shiga injin.

Kamalu KD: Baba amma ai ana ganewa. ni ban taba sa kugiya ba kuma ba wanda ya taba cewa bai gane ni ba, mutum yasan in nace kasa ta Najeriya ba maciji nake nufi ba. kuma in ka sa irin wadannan haruffan a tes kudi yake ci, na lura

Injiniya Bashir: Maganar kuɗin gaskiya ce Kamalu. Tes na asali harafi 160 yake ɗauka amma daga wani ɗan ƙaramin jadawali na Turai da babu ƙ a ciki, da zarar ka sa ƙ guda ɗaya sai saƙon duka ya koma wani tsari mai ɗaukar 70 kacal, abin da zai tafi a tes ɗaya ya zama biyu ko uku. Mai rubuta Inuktitut ko Cherokee shi kullum a 70 ɗin yake.

A intanet kuma tsarin ajiye haruffa da aka fi amfani da shi UTF-8 ne. Harafin Turanci bayit 1 (bayit shi ne ma'aunin wurin da harafi ke ci a kwamfuta), ƙ ɗ ɓ bayit 2, na Kanada da Cherokee da Vai bayit 3, waɗancan na Nattilik da suka zo a makare bayit 4 saboda an ajiye su can U+11AB0 a wajen fili na farko. Nunavut a boko harafi 7 bayit 7, ᓄᓇᕗᑦ alama 4 amma bayit 12. In kun taɓa buɗe fayil kuka ga Æ™ a inda ƙ ya kamata, bayit biyun nan ne wata tsohuwar manhaja ta karanta ɗai-ɗai.

Malam Habibu: Kamalu ɗana, kai kana ganewa ne don da Hausa ka tashi. Yaron da aka haifa a Legas ko Kumasi yana koyo daga rubutu fa? Ko manhajar da ke karanta wa makaho? Ita bata san kasa da ƙasa ba sai abin da aka bata. Kari da ƙari, baki da baƙi, dauka da ɗauka, ina ganin wannan a takardun ɗalibai kullum kuma yana damuna.

Sadiya A.: Tunda Malam ya ambaci makafi, ina da ƙawa a makaranta da waya ke karanta mata komai. Irin sunayen adon nan in ta zo kansu ko wayar tayi shiru ko ta karanto wani abu da ba a gane ba, sai ta miƙo min tace waye wannan. Ban taɓa sanin dalili ba sai yau

Kamalu KD: wannan kam ban taba tunaninsa ba wlh. amma su mutanen Kanadan me ya rage su dashi in nayi ado da harafinsu

Sadiya A.: Ni dai ga yadda nake gani. Mutanen nan an kwashe 'ya'yansu an kai makarantun kwana na gwamnati da coci, ana dukansu in sun yi yarensu, na ƙarshen makarantun sai a shekarun 1990 aka rufe. Yanzu jikokin ke fafutukar dawo da harshen, in ɗayansu ya shiga intanet ya nemi ᑎ ko ᒪ don ya ga rubutun mutanensa sai ya tarar da sunayen ado na mutanen da basu ma san akwai shi ba. Ka ɗauka wani ya kwashi haruffan ajami yana jera su don sun yi kama da tsuntsu ko kifi, ba zaka ce ya yi laifi a shari'a ba amma ba zaka ji daɗi ba

Isufu Maraɗi: Ni ban kai shi nan ba. Harafi ba ya ƙarewa don wani ya yi amfani da shi. Abin da ya fi damuna ɓangaren 'yan damfara ne, na ji ana haɗa adireshin shafi da haruffa masu kama da na boko. Injiniya gaskiya ne?

Injiniya Bashir: Gaskiya ne. Cherokee ma ya fi haɗari a nan don Sequoyah ya ari siffofin boko ba tare da sautinsu ba, Ꭰ "a" ne, Ꭱ "e", Ꭲ "i", Ꮃ "la", da ido kuwa D R T W kake gani. Unicode na da jerin haruffa masu ruɗarwa da manhajojin shiga intanet ke dubawa, in an cakuɗa rubutu biyu a adireshi sai su ƙi nuna shi yadda yake. Illar ita ce wani lokaci tsaron kan faɗa kan masu harshen na gaskiya, wasu shafukan su ƙi karɓar sunan mutum da rubutunsa na gado.

Akwai ma ruɗani a cikin gida. Babban birnin Nunavut ᐃᖃᓗᐃᑦ, Iqaluit, alama ta biyun ᖃ "qa" guda ɗaya ce mai lambarta, amma in ka buga ᕐ sannan ᑲ zaka samu ᕐᑲ, kusan ba bambanci a ido, kuma Unicode bai ɗauke su abu ɗaya ba. Wanda ya rubuta da ɗaya ya nema da ɗayan ba zai samu ba.

Isufu Maraɗi: To ai wannan ita ce tamu sak. Mu a Nijar ƴ muke rubutawa, ƴaƴa, ku a Najeriya 'ya'ya, kuma ita waƙafin saman nan kala nawa ce, wata miƙaƙƙiya wata lanƙwasassa, waya na canja ta da kanta. Na taɓa neman kalmar a cikin wani dogon fayil na samu rabi, sauran rabin da wata alamar aka buga su.

Usmanu Fumban: Gaisuwa daga Kamaru. Tun ɗazu nake jira a zo kanmu. Ba sai an je Kanada ba, nan garin da nake zaune Sarki Njoya na Bamun ya ƙirƙiri rubutu wajen 1896, ya fara da alamomi ɗaruruwa yana ta ragewa har ya dawo kusan 80 na gaɓa, ana kiransa a-ka-u-ku daga haruffan farko, kamar yadda muke cewa abacada. Ya buɗe makarantu, an rubuta tarihi da magunguna da shi, Faransawa suka zo suka hana suka kai shi Yawunde ya rasu a can a 1933. Littattafan na nan a gidan tarihin fada na gansu da idona. Ance ya shiga kwamfuta amma ni ban taɓa ganin wanda ya turo min saƙo da shi ba.

Injiniya Bashir: Ya shiga Malam Usmanu, 2009, tsofaffin matakan kuma sama da alama 500 aka ƙara a 2010. Vai ya riga shi da shekara ɗaya, 2008, alama 300. Akwai wani shiri a jami'ar Berkeley da Deborah Anderson ta kafa a 2002 don taimaka wa irin waɗannan rubutun su rubuta takardar neman shiga, don sai ka kawo hujja, hotunan littattafai da wasiƙu, jerin haruffa, yadda ake jera su, da shaidar masu amfani da shi. Kwamiti na tsananta bincike saboda in harafi ya shiga ba a cire shi har abada, ko sunansa ba a canjawa ko da an yi kuskure a ciki.

Amma lamba mataki na farko ne kawai. Sai an samu fonti mai zanen harafin a cikin wayar, sai an samu kibod da za a buga shi, sannan sai mutane sun saba. Cherokee ya samu lamba a 1999 amma sai 2010 ya shiga iPhone, kuma hukumar al'ummar ce ta bi kamfanin har aka yi. Gwamnatin Nunavut ita ta sa aka zana mata fontin Pigiarniq ta raba kyauta. Kafin nan dabara ake yi, a ɗauki fonti a goge zanen a b c a sa na gaɓa a gurbinsu, irin su ProSyl, a injinka kana ganin Inuktitut in ka tura wa wanda bashi da fontin sai ya ga tarkacen boko. Duk abin da aka rubuta a haka sai an bi an juya shi.

Malam Habibu: Irin wannan dabarar mun sha ta da fontocin Hausa na da, ina da fayilolin jarrabawa da duk ƙ ta koma wata alama daban da na canja kwamfuta.

Wani abu ya ja hankalina. Njoya ance mafarki ya yi, Momolu Duwalu Bukele na Vai shima wajen 1833 ance mafarki. Na Kanadan fa wa ya ƙirƙira?

Sadiya A.: Malam a nan akwai saɓani. Littattafan Turawa sun ce James Evans ne, ɗan mishan, a Norway House cikin Manitoba wajen 1840, har ana ba da labarin ya narka dalmar akwatunan shayi ya zuba haruffan ɗab'i. Amma su Cree suna da nasu tarihin na baka, cewa wani mutuminsu da ake kira Calling Badger da Turanci shi aka ba rubutun daga duniyar ruhi ya koya wa mutane. Abin da ba a musu a kai shi ne yadda ya bazu, mutane ke koya wa junansu a sansanin farauta ba makaranta, suna rubutu a ɓawon bishiya

Alhaji Garba: Ni na fi karkata ga masu abin. Ko da Baturen ya zuba dalma, wanda ya riƙe rubutu shekara 180 yana rubuta wa ɗan uwansa wasiƙa da shi ai shi ne mai shi. Bokon Hausa ma wasu suka kawo. Injiniya ajaminmu fa, yana cikin rajistar nan?

Injiniya Bashir: Yana ciki Baba amma a filin Larabci, irin haɗawar da Sadiya ke ƙorafi a kai. Fa'un mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya irin na warshu an basu lambarsu a 2016, wasu haruffan da Hausa ke buƙata kuma sai a 2020 Unicode 13.0. Yawancin fontocin waya da salon gabas suke zana Larabci, ba irin hannun allo da kuka saba ba, kuma kibod ɗin Larabci na waya bashi da ƙarin haruffan. Kusan inda Carrier suke kafin 2022 nan muke.

Su ma Inuit suna da muhawarar boko da ajami irin tamu, a 2019 ƙungiyarsu ta ƙasa ta amince da tsarin boko guda ɗaya da duk yankuna zasu iya amfani da shi, ba a soke na gaɓa ba, amma dattawa da yawa a gabashin yankin shi suka sani shi suke so.

Bari mu gwada wani abu. Kowa ya faɗi abin da ya gani:
1. ᐃᓄᒃᑎᑐᑦ
2. ᏣᎳᎩ
3. ꕙꔤ
4. ꚠ
5. 𑪰

Sadiya A.: 1 zuwa 4 sun fito, 5 akwati

Isufu Maraɗi: Ni 1 da 2 da 3. Sauran akwati mai gicciye.

Usmanu Fumban: Na 4 ya fito a wayata! Wallahi ban san tana da shi ba, shi ne "a" na farkon a-ka-u-ku. Injiniya in ya fito kenan zan iya rubutawa?

Injiniya Bashir: Karantawa zaka iya, rubutawa sai ka sauke kibod. Nemi manhajar Keyman ka duba Bamum a ciki, sannan wanda zaka tura wa shima sai wayarsa na da fontin in ba haka ba akwati zai gani kamar Isufu. Lambar dai tana isa lafiya ko an ga akwati, in ya tura wa wani mai fontin zai fito daidai.

Alhaji Garba: Ni duka biyar akwati ne banda na farko. Wayar ta tsufa. Amma jikata ta sa min kibod mai ƙugiya shekaran jiya, da shi nake ta rubutun nan, danna k ka riƙe sai ƙ ta fito.

Kamalu KD: na canja sunan nawa ya koma boko saboda maganar kawar Sadiya. kugiya kuma Baba a wane wuri ake kunna ta

Alhaji Garba: Bari ta dawo daga islamiyya in tambaye ta, ita ta san inda ta shiga.

Isufu Maraɗi: Kamalu shiga saitin kibod, wajen harsuna, ƙara Hausa. 

Maman Hanan: Na gode ƙwarai Injiniya da kowa da kowa. Na goge na sake rubuta Musa da hannuna yanzu yana fitowa. An sallamo Hajiya da azahar, jiki da sauƙi alhamdulillah. Na biyar ɗin nima akwati ne, Injiniya in wani ya samu wayar da ta nuna shi a ɗauko mana hoto, ina son ganin yadda harafin mutanen Nattilik ɗin yake.

Usmanu Fumban: Na sauke kibod ɗin. Gobe in Allah ya kaimu zan je wajen wani dattijo kusa da fada da ya iya karantawa, in ya yarda ya rubuta min gaisuwa a takarda in gwada bugawa in turo nan.